Kawu Bai Zo Duniya da Haƙuri Ba

Ranar Talata da hantsi Kawu ya rasu. Ya gama wanke motar gidan da yake aiki a unguwar Abhur ta birnin Jidda, ya matse tsumma ya shanya, sai ya zauna a inuwar katanga ya ce wa mai ban ruwan shuke-shuken gidan ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin mutumin ya dawo da ruwan sha, rai ya yi halinsa. Ina bakin aiki aka kira ni, don ni kaɗai ce jininsa a Jidda. Shi yayan mahaifiyata ne, ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, shekarata ta shida ke nan a garin.

Ɗakina a unguwar Waziriyya ba zai ɗauki mutum goma ba. Amininsa ne ya buɗe mana gidansa, wani tela haifaffen Jidda da nake kira Baba, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji daga ƙasar Kano suka zauna. Baba Musulmi ne da ba ya wasa da jam'i, kuma ya san sarai Kawu Kirista ne. Da wasu maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, sai ya ce musu, "Halas, magana ta ƙare. Gidana ne, mamacina ne." Maza suka zauna a falonsa, mata muka zauna a ciki wurin matarsa.

Na lura da yadda kowa yake laluben abin da zai faɗa. Mu da muke taruwa yin sujada tare da Kawu muka ce ya huta cikin Ubangiji. Musulmi suka riƙa ce mini Allah ya ba ni haƙuri, Allah ya albarkaci bayansa. Baba kuwa duk wanda ya shigo magana ɗaya yake maimaita masa: "Jumma'ar nan da ta wuce fa muna tare. Har ya ce in rage masa wuyan riga."

A rana ta biyu wata Balarabiya ta zo tun daga Abhur, 'yar tsohon da Kawu ya yi wa tuƙi. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta sake ba. Ta ce mini da Larabci, "Shekara takwas mahaifina ya yi cikin ruɗewar tsufa. Mu da ya haifa mun gaji da shi, kawunki bai gaji ba. Wallahi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Matan da ke wurin suka ce haka ne, ai mutumin nan ba shi da zuciya ko kaɗan, Allah ne ya halicce shi da sanyin hali.

Da yamma na kira mahaifiyata a gida na gaya mata abin da mutane ke cewa. Tana cikin kuka sai da ta yi dariya. Ta ce, "Yaya? Yayana da na sani? Mutumin da in ya dawo daga tafiya ko kaji sai sun bar tsakar gida?"

Dariyar nan tata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron a manta da Kawu, amma na fi tsoron a tuna da shi a matsayin mutumin da haƙuri bai ba shi wahala ba. Ba haka aka yi ba.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi, direban babbar mota ne, yana jigilar hatsi zuwa Legas. Hannunsa a sake yake, muryarsa kuma ita ke jan waƙa a majami'a, har aka naɗa shi dattijon ikkilisiya. Amma kowa ya san zafin zuciyarsa. Ɗa ɗaya gare shi. Wata Lahadi, yaron yana da shekara goma sha shida, ya ɗauki mukullin motar don ya nuna wa abokansa ya iya, ya ja ta da baya ya rushe rumbun maƙwabci. Ana fitowa daga sujada ke nan. Kawu ya mare shi a gaban jama'a, mari ɗaya, jini ya biyo kunnen hagu. Tun daga ranar kunnen bai sake ji ba. Yaron ya koma wurin dangin uwarsa, daga can ya wuce Jos, bai ƙara taka gidan ubansa ba. Ikkilisiya ta sa Kawu a horo, ya koma bencin baya. Bayan shekara uku matarsa ta rasu, ba a daɗe ba ya sami aikin tuƙi a Jidda.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Ya taɓa ce mini, "Uwata, mutane suna tsammanin arziki na zo nema. Gudu na yi. Sai na tarar wanda nake gudu ya riga ni sauka daga jirgi."

Sa'ad da na zo Jidda ya shekara kusan ashirin a garin. Jumma'a ce ranar hutunsa. Da safe yakan biyo ya ɗauke ni mu tafi ɗakin da muke taruwa, mu 'yan Najeriya kaɗan da wasu Indiyawa da 'yan Filifin. A sauke labule, a yi waƙa ƙasa-ƙasa ba ganga ba tafi. Da na yi ƙorafi cewa wannan ba yabo ba ne, raɗa ce, sai ya ce, "Wanda muke yi wa kunnensa ƙalau yake." Daga nan mu wuce kasuwar Bab Makka, inda shagon Baba yake. In Baba ya rufe ya tafi masallaci, Kawu yakan zauna a benci a inuwa ya jira shi, komai zafin rana. In an sauko su ci gurasar tamis da wake, su sha shayi, su yi ta gardama kan wanda ya fi wani tsufa.

Wata Jumma'a muna hanya, wani saurayi ya bugi bayan motarmu a wurin fitilar hanya. Laifinsa ne ƙarara, amma shi ya fito yana zage-zage, har ya kira Kawu da sunan da ake kiran baƙar fata in ana son a wulaƙanta shi. Kawu ya fita, ya duba bayan motar, ya ce masa, "Ma'alesh, ba komai, ɗana. Kai dai ba ka ji ciwo ba ko?" Saurayin ya koma motarsa. Da Kawu ya shigo sai na ce, "Kawu, kai ba ka jin zafi ne?"

Ya ɗago hannuwansa daga kan sitiyari ya nuna mini. Karkarwa suke kamar na mai zazzaɓi. Ya ce, "Kin gani? Tsohon direban nan yana nan, bai mutu ba. Mukulli kawai na hana shi."

Tsohon da yake yi wa tuƙi kullum da la'asar sai ya sa rigarsa ya ce, "Yalla, mu je, kai ni wurin uwata a tsohon gari." Uwar ta rasu tun kafin a haifi 'ya'yansa. 'Ya'yan kan gaya masa gaskiya, shi kuma ya fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar. Kawu ba ya musu da shi. Yakan buɗe masa ƙofa, ya ja motar a hankali ta bakin teku, ya tambaye shi wane abinci uwar tasa ta fi iyawa. Tsohon ya yi ta ba da labari har ya manta inda za su, su dawo gida kafin magariba. Haka aka yi shekaru. Wata rana tsohon bai gane shi ba, ya ce ɓarawo ne ya sace masa mota, ya kwaɗa masa sanda a goshi. Ni na wanke ciwon. Na ce ya nemi kafilinsa, wato ɗan tsohon, wanda takardar zaman Kawu ke hannunsa, ya sake shi ya canja aiki, tunda ba bawa ba ne.

Ya ce, "Shi bai san abin da hannunsa ya yi ba, Uwata. Ni na san abin da nawa ya yi, kuma da hankalina na yi. In an yi mini haƙuri, wane ne ni?"

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka roƙi Kawu ya zauna, ya ci gaba da kai jikoki makaranta.

Ba zan ɓoye faɗansa da Baba ba, domin shi kansa ba ya ɓoyewa. Kowane farkon wata Kawu yakan aika wa ɗansa saƙon murya ta waya. Gaisuwa ce kawai, da tambayar iyali, da addu'a. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Wata Jumma'a yana cikin ɗaukar saƙon a bakin shago, Baba ya ce masa, "Ya shekh, ka hutar da kanka. Ɗan da ya fi shekara ashirin bai gaishe da ubansa ba, ai ɗan banza ne. Ka cire shi daga ranka."

Ina wurin. Na ga fuskar Kawu ta zama wata iri, fuskar da mahaifiyata ke ba ni labari. Ya miƙe ya shure faranti, kofuna suka tarwatse. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini zancen gida? Kai da aka haifa a nan ba a karɓe ka ba, can kuma ba wanda ya san ka?"

Kasuwa ta yi tsit a kunnena. Duk wanda ya san haifaffun Jidda irin su Baba ya san ba inda ya fi yi musu ciwo kamar nan. Mutum ya tsufa a garin da aka binne cibiyarsa amma kullum yana sabunta takardar zama kamar baƙo. Baba ya tashi. Ya shiga shago ya ja labule.

Jumma'a biyu Kawu bai zo ɗaukata ba, bai je sujada ba. A ta uku na hau tasi na same shi a ɗan ɗakinsa da ke gefen ƙofar gidan a Abhur. Ya rame. Ya ce mini, "Shekara ashirin ina roƙon Allah ya canja ni. Ashe ban motsa daga inda nake ba. Da wane baki zan yi waƙa?" Na ɗan zauna tare da shi, na tashi na tafi.

Jumma'a ta gaba sai ga shi a ƙofata da sassafe, ya yi aski. A mota ya ce, "Na yi tunani. Da can in na yi irin wannan, sai in shekara ina cewa laifin wancan ne. Wannan karon kafin kofin ya gama gangarawa na san nawa ne. Ba yawa, amma ba inda nake da ba ne. Kuma na gane zaman da na yi a ɗaki ba tuba ba ne, girman kai ne. Haushi nake ji wai mutum kamata ya faɗi. To, ni wane ne da ba zan faɗi ba?"

Bayan sujada ya sayi kofuna shida ya kai shagon Baba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Na zalunce ka. Abin da na faɗa mugun abu ne, kuma don in ji maka ciwo na faɗa. Ka yafe mini." Baba bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. Kawu ya ajiye kofunan ya koma benci ya zauna har la'asar. Haka ya yi Jumma'a ta biye, da wadda ta biyo ta. Na ce masa ai ya yi nasa, ya bar shi mana. Ya ce, "Ni na yi ciwon, ba ni zan sa masa ranar warkewa ba." A Jumma'a ta huɗu da fara zaman nasa Baba ya fito da shayi a cikin sababbin kofunan, ya dangwarar da ɗaya a gabansa ya ce, "Sha, ya majnun. Ni ma bai kamata in zagi ɗanka ba." Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Shekara guda bayan haka abin ya zo kaina. Ranar aiki ya yi yawa, na ba wani yaro ɗan shekara huɗu maganin da aka rubuta wa na gadon kusa da shi. Numfashinsa ya sarƙe, aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman. Kwana uku yana can kafin Allah ya tashe shi. Ni na kai rahoton kaina, aka dakatar da ni har a gama bincike. Na kulle kaina a ɗaki. Na daina addu'a, don in na rufe ido fuskar yaron nake gani. Na yanke shawarar ko an mayar da ni ba zan koma ba, gida zan tafi in bar aikin jinya har abada.

Kawu ya nemi izini a tsakiyar mako, abin da bai saba ba. Ya ɗauke ni ya kai ni bakin teku, muka zauna a ƙarƙashin wata rumfa. Na jira ya ce ƙaddara ce, ko ya ce kowa na kuskure. Bai ce ba.

Ya ce, "Kin yi kuskure, kuma babba ne. Ba zan ce miki ƙarami ne ba."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata.

Sannan ya ce, "Kin gaya wa Ubangiji?"

Na ce, "Ina jin kunyarsa."

"Ni ma na ji kunyarsa, na tsallaka teku. Uwata, da a ce washegarin ranar nan na bi yaron nan na durƙusa a gabansa, wataƙila da yau jikokina sun san fuskata. Amma sai na zauna ina hukunta kaina, ina ganin kamar hakan zai biya shi wani abu. Bai biya shi komai ba. Yesu ya riga ya ɗauki hukuncin, ke kuma kina cewa bai isa ba sai kin ƙara naki. In kin bar aikin nan, yaron me ya samu? Asibiti dai ya rasa mutum ɗaya da ba za ta ƙara ba da magani ba ta duba suna sau biyu ba."

Na ce, "To me zan yi?"

"Ki je ki ga uwarsa. In ta zage ki, ki tsaya ki ji. Sannan ki ci abinci, don na ga alamar rabonki da shi an kwana biyu."

Na je. Uwar yaron ta zage ni, na tsaya na ji. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma nemi ta faɗa ba. Bayan wata guda aka mayar da ni aiki da takardar gargaɗi. Na daɗe hannuna yana rawa in na ɗauki sirinji. Duk Jumma'a Kawu kan tambaye ni, "Yaya hannun?" In na ce har yanzu, sai ya ce, "A hankali. Gero ma ba ranar shuka yake fitar da kai ba." Har yau ina aikin.

Takardun fitar da gawa sun ɗauke mu kwana goma sha ɗaya. Kafilinsa ya sa hannu ba tare da ja ba, Baba kuma ya rufe shago ya riƙa bi na ofis-ofis yana yi mini tafinta. A filin jirgi ya dafa akwatin, bakinsa ya yi motsi, ban ji abin da ya ce ba.

Da muka sauka Kano, na fito ina neman motar da ikkilisiya ta ce za ta aiko. Sai wani mutum mai furfura a gemu ya tako wurina, tafiyarsa sak ta Kawu. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoton yarinta. Ya ce, "Ƙanwata, sannu da hanya. Na ce musu su bari, ni zan ɗauki mahaifina." Ashe shi ma direba ne, da motarsa ya zo daga Jos.

Na zauna a gaba, ta gefen kunnensa mai ji. Da muka wuce Gwarzo sai ya fara magana. Ya ce duk saƙonnin suna nan a wayarsa, ko ɗaya bai goge ba. Ya ce da farko fushi ne ya hana shi amsawa, daga baya kuma kunya, don bai san ta inda mutum zai fara ba bayan shekaru haka. Ya yi niyyar kiransa a Kirsimetin bana, har ya gaya wa matarsa. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a kan sitiyari.

"Ya mutu yana ganin na ƙi shi. Wane irin ɗa ne ni?"

Na ce, "Yaya, juyo ka ji." Ya juyo. Na gaya masa abin da ya faru wata biyu kafin rasuwar. Na tambayi Kawu ko bai gaji da magana da wanda ba ya amsawa ba. Sai Kawu ya buɗe wayarsa ya nuna mini 'yar alamar da ke canja launi in an saurari saƙo. Duk sun canja, tun daga na farko. Ya ce, "Yana saurare, Uwata. Da kunnen da na bar masa yake saurarena. Wannan ma alheri ne da ban cancanta ba. In ya shirya zai yi magana, in kuma ban kai lokacin ba, ki ce masa ban ƙosa ba."

Yaya ya daɗe bai ɗago ba. Motoci suna ta wuce mu. Can ya share fuska da hularsa, ya waiwaya baya inda akwatin yake, ya ce, "Baba, ina wuni. Iyali duk lafiya. Yaran uku ne, babban sunanka gare shi."

Ya tayar da mota muka ci gaba. Mun isa ƙauye rana tana shirin faɗuwa, jama'a sun cika ƙofar majami'a suna jira. Aka binne shi kusa da matarsa, ɗansa ne ya fara zuba ƙasa.

Ubangiji da ya yi haƙuri da Kawu har ya kai shi inda ya kai shi, ya ba shi hutu a wurinsa. Mu da muka rage, kada ya gaji da mu.